Daga Shinkafi har Badagry don mu ci shawarma? Haba jama'a

1/ Zaren nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. Magana ce a kan tafiyar ƙarshen zango da mu ɗaliban Ƙaura, Shinkafi da Zurmi muke shiryawa zuwa Badagry. Na ga jadawalin da kwamiti ya fitar, kuma gaskiya ban yarda da shi ba.

2/ Ga abin da suka tsara. Rana ta farko: bakin teku da hotuna, da dare cin abinci a wani babban otal. Rana ta biyu: a je iyakar Seme a ɗauki hoto, "in hali ya yi a leƙa Kwatano", da la'asar a koma bakin teku. Wuraren tarihi an ba su minti 45, aka rubuta "ga mai sha'awa".

3/ Na yi magana a guruf, aka ce na cika tsurku, wani ya sa mini suna Malam Tarihi. Ba komai. Na kawo ta nan ne don na san ba mu kaɗai ba ne, kusan kowace ƙungiyar ɗalibai irin wannan jadawalin take kwafa. Ba zan kama sunan kowa ba, duk 'yan'uwana ne.

4/ Mu fara da abin da fita ke ci mana. Ɗan Shinkafi ko Zurmi ba ya tashi kawai ya shiga mota. Sai an tambayi lafiyar hanya, sai rana ta fito sosai, sai an ji motocin farko sun isa Ƙaura. Daga nan Gusau, Funtuwa, Zariya. Uwa ba ta runtsawa sai ka kira ka ce kun wuce.

5/ Kuɗin kuma fa? Mu daina yaudarar juna. A cikinmu akwai wanda buhun wake aka sayar aka ba shi. Akwai wadda akuyar gyatumarta ce ta tafi kasuwa. A bajet ɗin kwamiti, cin abincin dare ɗaya a otal ya fi kuɗin shiga duk wuraren tarihin a haɗe. Akuyar ke nan ta ƙare a faranti ɗaya.

6/ Na san masu cewa kada ma mu je. "Garinku na cin wuta kuna yawon buɗe ido." Ban tare da su. Mun ga 2021, lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako, muka zauna kamar a rijiya. Wanda ya sha wannan ya cancanci ya ga teku, ya yi dariya. Ba 'yan bindiga za su yanka mana iyakar duniya ba.

7/ Amma in muka yi wannan doguwar tafiya muka dawo da hoto da baƙin tabarau kawai, mun ba masu zagin gaskiya da hannunmu. Me za ka gaya wa mahaifinka ka gani? Ruwa? Ya san ruwa, yana ƙetare Gagare tun kafin a haife ka.

8/ Abin da ya fi ba ni haushi: muna ɗaukar Badagry kamar baƙon wuri da ba ruwanmu da shi. Alhali garuruwanmu sun daɗe a ɗaure da bakin teku. A 1929 layin dogo ya iso Ƙauran Namoda, nan ya tsaya. Ɗayan bakinsa yana Legas. Gyaɗa da audugar kakanninmu ta nan suka bi zuwa jirgin ruwa.

9/ Da na gaya wa kakana za mu Ikko, cewa ya yi: "In ka tai, ka gano mini inda dogo ya ƙare." Shi ya yi dako a tashar jirgi yana saurayi, ya loda buhunan da bai taɓa ganin inda suke sauka ba. Bai ce in kawo mishi hoton otal ba.

10/ Mu ƙara komawa baya. Akwai Baturen Birtaniya, Hugh Clapperton. A 1824 ya je Sakkwato daga Kano wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a tafiyar nan kuma ya bi ta Zurmi. A ƙarshen 1825 ya sake dawowa. Ka san ta ina ya shigo? Badagry. Daga nan ya keto ƙasar Yarbawa har Kano, har Sakkwato, inda ya mutu a Afrilun 1827.

11/ Yaronsa Richard Lander shi ya koma da takardunsa, ya sake fita ta Badagry. Wato hanyar da za mu bi a mota, mutane sun bi ta da ƙafa da doki shekara 200 da suka wuce. Af, Clapperton ya rubuta cewa bayin da suka gudu suna samun mafaka a Zurmi. Sauran abin da ya ce a kan 'yan Zurmi ba zan maimaita ba, ina da abokai can.

12/ Ga kuma mai nauyin. Fatake ba goro da kanwa kaɗai suka yi ta kaiwa kudu ba. Har da mutane. Yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa bayan 1804 sun samar da kamammu daga kowane ɓangare, wasu aka gangara da su har tashoshin bakin teku: Ikko, Badagry, Porto-Novo, Ouidah. Daga nan sai jirgi.

13/ Da yawa Bahia aka kai su, a Burazil. A 1807 hukuma ta gano shirin tawayen bayi Hausawa a birnin Salvador. A 1814 suka tayar da wani. A Janairun 1835, cikin azumi, aka yi tawayen Musulmi da ake kira Malê, mafi yawansu Yarbawa, da Hausawa a ciki. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

14/ Ka nemi labarin Mahommah Gardo Baquaqua. A Djougou aka haife shi, a Benin ta yau, mahaifiyarsa 'yar asalin Katsina. Aka sayar da shi, aka kai shi Burazil, ya tsere a New York a 1847, aka buga tarihin rayuwarsa a 1854. Ɗan Bakatsiniya ke nan. Wannan ne kuke ba minti 45?

15/ Kuma kada mu je can mu yi ta tsine wa Turawa mu dawo da zuciya fes. Su suka kawo jirage, amma wa ya kama? Wa ya kora ayari? Wa ya karɓi kuɗi? Namu na ciki. Mu da muka san yadda ake yi wa mutum farashi a waya, a ce kawo miliyan kaza ko a kashe, bai kamata a yi mana dogon bayani ba.

16/ Shi ya sa nake cewa ɗan arewacin Zamfara ya fi kowa buƙatar tsayawa a waɗannan wurare. Duk cikinmu ba wanda bai san gidan da aka tara kuɗin fansa ba. Ka tsaya a ɗakin da aka tsare mutane ana jiran mai saye, ka gaya mini ko zuciyarka ba ta tuna wani ba.

17/ To me za a gani? Akwai gidan Seriki Williams Abass, inda ake tsare bayi kafin jirgi ya zo, ƙananan ɗakuna masu duhu. Shi kansa bawa ne tun farko, ya dawo ya zama dillalin bayi, kuma shugaban Musulmin garin. Ya rasu a 1919. Ka lura da "Seriki". Sarki ne namu ya je can ya sauya kaya.

18/ Akwai gidan kayan tarihi na iyalan Mobee, inda za ka ɗaga sarƙa da mari da hannunka ka ji nauyi. Akwai kasuwar bayi ta Vlekete. Akwai gidan tarihin Badagry a tsohon ofishin Turawan mulki na 1863. Akwai benen 'yan mishan na 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya.

19/ Kan wannan benen kuna iya yi wa mai jagora gardama cikin ladabi, ku tambaye shi sorayen Kano da Katsina fa. Haka ma rijiyar da za a ce shan ruwanta na sa bawa ya manta gida: labarin baka ne, ku saurara, ku yi tambaya. Mu ɗalibai ne, ba a kawo mu mu gyaɗa kai kawai ba.

20/ Sai tsibirin Gberefu. Da kwalekwale ake ƙetarawa, sannan a taka cikin rairayi da rana har bakin teku, wurin da ake kira inda ba a dawowa. Wannan kaɗai ya fi minti 45. Masu son teku, ga teku nan a ƙarshen hanyar. A sa rigar kariya a kwalekwale, kuma kada wanda ya koyi iyo a gulbi ya gwada igiyar ruwan nan.

21/ Mu zo kan abinci, inda aka fi cin kuɗinmu. Soyayyar shinkafa da kaza da shawarma. Don Allah wanne ne babu a Gusau? Ka yi kwana biyu a mota, ka isa garin masunta da kwakwa, ka zauna cikin sanyin na'ura ka ci abin da ake sayarwa a bakin makarantarku, da ninkin kuɗi.

22/ Na ji uzurin: "ba mu san abin da suke sawa ba." Tambaya ake yi. Badagry akwai Musulmi da masallatai. Ku yi sallah a masallacin gari, ku tambayi liman ko 'yan'uwa Hausawa masu shayi da masu tsire inda suke cin abinci. Matambayi ba ya ɓata. Inda aka ga giya ko alade a wuce, shi ke nan.

23/ Masu ƙyamar kaguwa da jatan lande, ku koma wurin malaminku na zaure. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, abin da ke rayuwa a teku halal ne. In ranka bai so ba, wannan daban, ba dole. Amma kada ka ce haramun don kawai ba a kama shi a Gulbin Bunsuru.

24/ Ku ci gasasshen kifin da aka kamo da safe. Ku ci teba ko amala da miyar kifi. Ku sha ruwan kwakwa a fasa muku ita a gabanku. Ku yi ciniki kafin a zuba, ku sha ruwan leda ko na gora. Mai tsoron cikinsa ya taho da ƙuli-ƙuli, garin rogo da kilishi. Kuɗin ya shiga hannun mai tuya, ba mai otal ba.

25/ Sai "in hali ya yi a leƙa Kwatano". Wannan layin ya fi komai haɗari a jadawalin. Ƙetare iyaka ba leƙe ba ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu damar shiga Benin ba biza har kwana 90, gaskiya ne, amma da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara.

26/ Mutum nawa ne a cikinmu ke da su? Na tambaya, hannu bai cika biyar ba. Sauran fa? Ɗan acaɓa zai ce ku zo ya bi da ku ta bayan gida. Mun saba da iyakar Nijar, inda kowa ke jin Hausa kuma kana da dangi a Maraɗi. Can Faransanci ne da Fon da Gun. In aka riƙe ɗaya daga cikinmu, wa zai kira gidansu?

27/ Ga canji. Saifa tana ɗaure da Yuro, naira kuwa kun san halin da take ciki. Ga shingayen jami'ai tsakanin Badagry da Seme, tafiyar wajen kilomita 20 sai ta cinye muku yini. Duk don hoto a gaban ginin iyakar da Buhari da Talon suka buɗe a 2018. Mai son Kwatano ya yi takardu, a shirya mata tafiyarta daban, a ga Dantokpa da Zongo a natse.

28/ Ga nawa jadawalin, kada a ce suka kawai na iya. Rana ta farko: bayan karin kumallo, gidan Seriki Abass, Mobee, Vlekete, bene, gidan tarihi. Azahar da La'asar a masallacin gari. Abincin rana a wurin masu kifi. Da dare a zauna, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gani.

29/ Rana ta biyu: da sassafe a ƙetara Gberefu kafin rana ta yi zafi, a taka har teku, a yi addu'a ga waɗanda suka bi hanyar. Bayan nan ku yi hotonku har batir ya mutu, ni ma zan yi. La'asar kasuwa, a sayi kwakwa da man kwakwa na tsaraba. A soke otal, a soke Seme.

30/ Kuɗin da ya rage a mayar wa kowa, ko a biya wa mutum biyu da suka janye don rashin hali. 'Yan'uwanmu mata kuma a ba iyayensu jadawali na gaskiya, da wurin kwana, da wanda za a kira. Da wuya aka bar su, kada mu sa a hana na bayansu.

31/ 'Yan kwamiti, na san kun sha wahala, ba ku ci ko kwabo ba, Allah ya saka. Amma kuɗin jama'a ne, ran jama'a ne za a ɗora a hanya. Ranar Asabar akwai taro. A kawo jadawali biyun a kaɗa ƙuri'a. In aka kayar da ni zan bi, amma a kayar da ni da hujja, ba da "Malam Tarihi" ba.

32/ Wanda ya taɓa zuwa Badagry ya gyara mini inda na yi kuskure, ya kuma faɗa mana inda ya ci kifi mai kyau. Ni dai ko an soke komai sai na tsaya tashar Iddo a Legas, akwai saƙon tsoho. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya kuɓutar da namu da ke daji. Amin.