Karatun IB A Makarantar Gwamnati

Malam Edita, ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan difloma ta IB, wadda aka kafa a Jeniba ta ƙasar Suwizalan a 1968. Karatu ne na shekara 2 kafin jami'a, darussa 6, ga rubutun bincike mai kalmomi har 4,000. Maki 45 ne ƙololuwa, wanda ya kasa 24 kuwa ba takarda.

Abin da ya tsaya mini a rai, a Amurka makarantun gwamnati ne suka fi koyar da ita, ɗan lebura ma yana shiga. Mu a nan sai makarantun kuɗi irin na Legas. To jama'a, ɗan mai tireda fa?

Naka, mai tireda a Funtuwa.