Ɗaya ga Oktoba: Bikin ya koma hannun wa?

Ranar 1 ga Oktoba tana ƙaratowa, kuma a gidaje da yawa ma'anarta ɗaya ce: yau babu makaranta. Mu kuwa ma'aikatan jinya, rana ce da muke ƙara tanadar auduga da bandeji tun da safe. Yadda aka yi ranar murna ta zama haka, shi nake so mu tattauna a wannan makon.

A daren da aka wayi gari 1 ga Oktoban 1960, a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, aka sauke tutar Ingila da tsakar dare, aka ɗaga kore da fari da kore, wadda wani ɗalibi mai suna Taiwo Akinkunmi ya zana. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniyar Ingila, ta miƙa wa Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa takardun mulki. Daga nan bikin ya sauko har ƙananan hukumomi, kuma shekaru da dama ranar ta 'yan makaranta ce.

Wadda duk ta yi firamare a Ƙaraye ko Rogo ko ƙauyukan da ke kewaye, irin Yola tamu, ta san maci. Mako biyu ana atisaye bayan an tashi. Daren jajibiri uwa ta wanke yunifom, ta sa shuɗi, ta goge da dutsen guga na gawayi, a aro farar safa a maƙwabta. Da safe a kwashi yara zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, ganga na tashi, shugaban ƙaramar hukuma da hakimi na karɓar gaisuwa. Makarantar da ta zo ta ɗaya a yi wata guda ana labarinta. Ban ce komai daidai yake ba; ana shanya yara a rana har wasu su suma kafin manya su iso. Amma kowane yaro akwai malamin da ya san sunansa, ya ƙirga shi da safe, ya ƙirga shi da yamma.

Sannu a hankali abin ya ja baya. A 2010, ranar da ƙasa ta cika shekara 50, bama-bamai suka tashi kusa da Dandalin Eagle a Abuja, aƙalla mutum 12 suka rasu. Shekaru da dama bayan haka a cikin fadar shugaban ƙasa aka riƙa yin bikin, talaka sai dai ya gani a talabijin. A 2025 ma gwamnatin tarayya soke faretin ta yi gaba ɗaya. A ƙauye abin bai dami kowa ba, don lokacin girbi ne, hutun ya zama ranar da yara za su taya cirar gyaɗa da karyar masara.

A birni ne giɓin ya fito. Da manya suka saki ranar, matasa suka ɗauka. Wadda ta taɓa ratsa titunan Kano ranar ta gani: samari sun shafe fuska da kore da fari, mutum huɗu ko biyar a kan babur ɗaya, wasu sun maƙale a jikin adaidaita sahu suna kaɗa tuta, ana ta gudu. Yanzu hotunan na yawo a TikTok, yaranmu na ƙauye suna kallo, suna kwaikwayo a kan hanyar Ƙaraye. Abin da ke iso mana asibiti kuwa shi ne gurjewar gwiwa cike da ƙasa, ƙunar salansa a ƙauri, karaya, da fuskar da ta kumbura saboda fentin bango aka shafa mata.

Ba mu muka fara shiga wannan hali ba. Amurka na bikin 'yancinta ranar 4 ga Yuli, tun daga 1776. A 1777 aka yi bikin cika shekara a birnin Filadelfiya da harba igwa da wasan wuta, kuma tun daga lokacin bikin nasu bai rabu da albarushi ba. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 ranar ta koma hannun yara a tituna, kowa da abin fashewarsa da ƙaramar bindigar wasa mai harsashin banza. Bindigar kan tashi a tafin hannu, ta cusa datti cikin nama. Raunin ƙarami ne, uwa ta ɗaure da tsumma. Bayan mako guda yaro ya kasa buɗe baki. Sarƙewar haƙora ke nan, wadda a asibiti muke cewa tetanus. A 1903 ƙungiyar likitocin Amurka ta fara ƙirga ɓarnar, ta samu mutum fiye da 400 sun mutu sanadin bikin shekarar kaɗai, mafi yawansu ta wannan ciwo.

Abin da ya burge ni shi ne ba su soke ranar ba. Likitoci da ƙungiyoyin mata da 'yan jarida suka tashi, birnin Cleveland ya hana sayar da kayan wasan wuta a 1908, wasu suka bi sahu. Sannan aka cike gurbin da fareti da wasannin yara da cin abinci a fili tare da iyali, wasan wuta kuma aka fi bar wa gwanaye. Har yau suna samun raunuka duk shekara, amma waccan annoba ta wuce. Maƙwabtanmu na Nijar kuma, tun 1975 suka haɗa ranarsu ta 3 ga Agusta da dashen itatuwa. Hana yaro kawai ba ya aiki. Sai an ba shi wani abin yi.

To, kafin ranar, ki ɗauko katin rigakafin yaranki ki duba. Allurar penta ta mako 6 da 10 da 14 tana ɗauke da kariyar sarƙewar haƙora. Idan akwai wadda aka tsallake, ki kai katin asibiti. Idan yaro ya dawo da rauni, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta har ƙasar ta fita. Kada a zuba toka ko ƙasa ko baƙin mai. Rauni mai zurfi ko mai datti a kai shi a ranar, ko da bai yi jini sosai ba, domin ciwon kan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ya bayyana. Ƙuna kuma ruwan sanyi za a yi ta zubawa kamar minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki. Makullin babur ɗin babansu, ranar ya kwana a jakarki.

Akwai kuma wata dama da ta faɗo mana. A watan Mayun 2024 aka dawo da tsohon taken ƙasa na 1960, wanda aka ajiye a 1978. Wato abin da yaranmu ke fama da haddarsa yanzu, kaka ko kakan da ya yi boko a wancan zamani ya riga su iyawa, mu ne 'yan tsakiya muke kame-kame. Ki dafa musu shinkafa da wake, ki tara su da 'ya'yan maƙwabta, a kira tsohon gida ya ba su labarin macin zamaninsu. Idan kina cikin ƙungiyar iyaye da malamai, ki tambayi hedimasta me zai hana a yi ɗan maci a harabar makaranta da sassafe, kafin rana ta yi zafi.

A garinku har yanzu ana yin macin? Ku gaya mini a ƙasa, musamman 'yan Rogo da Kiru da Gwarzo.