Wane ne ke gadin tuƙi a ƙananan jiragen kamun kifi?

A ranar 1 ga watan Janairun 2026 ne sabbin ƙa'idojin horarwa da ba da takardun shaidar ƙwarewa ga ma'aikatan jiragen ruwa na kamun kifi suka fara aiki, bayan da hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IMO, ta amince da su a watan Mayun 2024. To sai dai kamar tsofaffin da aka yi wa kwaskwarima, sabbin ƙa'idojin ba su wajabta takardar shaida ga kyaftin ko jami'in da ke gadin tuƙi ba, sai a jirgin da tsawonsa ya kai mita 24 ko fiye. Akasarin masuntan duniya kuwa ba a irin waɗannan jirage suke aiki ba.

Tarihin maganar ya faro ne daga 1978, lokacin da aka cimma yarjejeniyar STCW, wadda ta shimfiɗa sharuɗɗan horar da ma'aikatan jiragen ruwa na kasuwanci, amma ta fito fili ta ware jiragen kamun kifi. Sai a watan Yulin 1995 aka amince da takwararta ta masunta, mai suna STCW-F, ita ma kuma ta yi zaman jiran shekaru 17 kafin ta fara aiki a ranar 29 ga watan Satumban 2012, saboda kawai an kasa samun ƙasashe 15 da za su amince da ita a hukumance. Daga cikin waɗannan 15 na farko har da ƙasashen Afirka huɗu, wato Maroko da Muritaniya da Namibiya da Saliyo, tare da irin su Norway da Spain da Rasha da Kanada. Babu Sin a cikinsu, babu Japan, babu Koriya ta Kudu, balle Amurka.

Abin da yarjejeniyar ta 1995 ta nema daga jami'in da zai karɓi ragamar ɗakin tuƙi, yayin da kyaftin ke barci ko yake bakin wani aiki, ba wani abu ba ne da ya wuce hankali. Tilas ne shekarunsa su kai 18, likita ya tabbatar da lafiyarsa, musamman gani da ji, sannan ya kasance ya yi aikin shekaru biyu a kan teku a cikin jirgin kamun kifi da bai gaza mita 12 ba. Bayan haka zai ci jarrabawa a kan karanta taswirar teku da amfani da na'urar radar da dokokin kauce wa karo da sanin yadda nauyin kaya ke shafar daidaiton jirgi, kazalika ya iya aiki da rediyon neman agaji. Wanda ke son zama kyaftin sai ya ƙara da watanni 12 yana riƙe da muƙamin jami'i. An kuma raba takardun gida biyu: na masu aiki a ruwayen da ke kusa da gaɓar ƙasarsu, da na masu nutsawa can cikin teku ba tare da iyaka ba. Har ila yau an bar wa gwamnatoci damar sassauta wasu sharuɗɗan ga jiragen da ba su kai mita 45 ba, muddin daga tashoshin ƙasar kaɗai suke tashi kuma ba sa yin nisa.

Matsalar tana fitowa ne idan aka dubi alƙaluma. Hukumar abinci da aikin noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewar a 2022 akwai jiragen kamun kifi kimanin miliyan 4.9 a duniya, fiye da kashi biyu cikin uku a nahiyar Asiya, kuma mafi rinjayensu ba su ma kai mita 12 ba. Waɗanda suka kai mita 24 ɗan ƙaramin kaso ne kawai. Ma'ana dai an gina katanga mai ƙarfi a gefen da mutane suka fi ƙaranci. Kwale-kwalen masuntan Senegal da na Ghana, waɗanda wasunsu kan kwana a teku, suna wajen wannan katanga, su kuwa masu su a tafki da kogi, kamar na tafkin Chadi, yarjejeniyar ba ta ma shafe su ba tun asali, domin ta jiragen teku ce.

Game da yawan rayukan da ake asara kuwa, ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ILO, ta ba da ƙiyasin mutum 24,000 a shekara a 1999, adadin da aka daɗe ana maimaitawa. Wani bincike da gidauniyar FISH Safety ta gudanar bisa ɗaukar nauyin cibiyar Pew, aka kuma bayyana shi a 2022, ya ce adadin ya zarce 100,000 a kowace shekara, kuma ƙananan masunta na ƙasashe matalauta ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Kowace ƙasa dai ita ke tsara wa ƙananan jiragenta doka, shi ya sa ake ganin bambanci mai yawa hatta tsakanin ƙasashe masu arziki. A Birtaniya dokar 1984 ta wajabta takardar shaida ga kyaftin ɗin jirgin da ya kai mita 16.5. A ƙasa da haka akwai takardar da masunci zai iya nema don raɗin kansa, ko da yake kwasa-kwasan share fage kamar na tsira da rai a teku da kashe gobara da agajin gaggawa wajibi ne a kan kowa. A Amurka kuma dokar tarayya ba ta neman lasisi daga matuƙin jirgin kamun kifi sai girman jirgin ya kai tan 200. Duk inda aka ja irin wannan layi, masu jirage kan koyi ƙera jirgin da zai tsaya ɗan taƙi kaɗan a ƙasa da shi.

Hatsarin jirgin Louisa ya nuna abin da ke faruwa a ƙasan layin. Jirgi ne na kamun ƙaguwa mai tsawon kimanin mita 15, wanda ya nutse da asubahin ranar 9 ga watan Afrilun 2016 a kusa da tsibirin Mingulay na yankin Scotland, yana tsaye a kan anga. Binciken hukumar bin diddigin haɗurran teku ta Birtaniya ya gano cewar dukkan mutane huɗun da ke ciki suna barci bayan doguwar gajiyar aiki, babu ko ɗaya da ke gadi, an kuma kashe ƙararrawar da ke gargaɗin shigar ruwa. Da suka farka jirgin ya riga ya fara nutsewa, kwale-kwalen roba na ceto kuma ya ƙi hura iska. Mutum ɗaya ne ya yi iyo ya kai gaɓa, ukun suka rasa rayukansu.

Masu goyon bayan a faɗaɗa dokar suna kafa hujja da irin wannan lamari. A ganinsu mutumin da aka koya wa ƙa'idar gadi, aka kuma ba shi takardar da za a iya ƙwacewa, zai yi tunani kafin ya bar ɗakin tuƙi babu kowa. Suna kuma tunatar da cewar dokokin kauce wa karo a teku na 1972 sun ɗora wa kowane jirgi, ƙarami ko babba, alhakin sa ido a kowane lokaci, amma babu wanda ke tabbatar da cewar mai tuƙin ya taɓa karanta su.

Ɗaya ɓangaren ma yana da tasa hujjar, kuma ba ta wasa ba ce. Takarda ba ta hana barci. A yawancin ƙananan jirage ba albashi ake biya ba, kason abin da aka kama ake rabawa, saboda haka ƙarin mutum guda domin gadi yana nufin raguwar rabon kowa. Yarjejeniyar ILO ta 2007 a kan aikin kamun kifi, wadda ta fara aiki a watan Nuwamban 2017, ta tanadi hutun aƙalla sa'o'i 10 a cikin kowane 24 da sa'o'i 77 a mako ga jirgin da zai wuce kwana uku a teku, amma jirgi mai mutum uku ko huɗu da ya tarar da kifi ba ya duba agogo. A ƙasashe masu tasowa kuma akwai ƙarin cikas: ƙwararren masuncin da ya shafe shekaru 30 yana karanta iska da taurari zai iya faɗuwa rubutacciyar jarrabawa, makarantun horarwa suna manyan birane, jami'an bincike kuma ba su isa ko tashoshin da ake da su ba. Dokar da ba a iya aiwatarwa takan zama hanyar karɓar na goro ne kawai.

Bisa ga dukkan alamu wannan ne ya sa hukumomin uku, IMO da ILO da FAO, suka tsaya ga ba da shawara a game da ƙananan jirage. Suna da kundin jagora a kan horar da masunta, kana a 2010 aka amince da shawarwarin kiyaye haɗari ga jiragen da ba su kai mita 12 ba da kuma buɗaɗɗun kwale-kwale. Babu ɗayansu da ke da ƙarfin doka. Hatta a kan manyan jiragen ma tafiyar hawainiya ake yi: yarjejeniyar Torremolinos ta 1977 a kan ingancin ginin jiragen kamun kifi ba ta taɓa fara aiki ba, haka ma gyaran da aka yi mata a 1993, ita kuma yarjejeniyar Cape Town ta 2012 da ta gaje su ta shafe fiye da shekaru goma tana neman cika sharaɗin ƙasashe 22 masu jirage 3,600.

Gyaran 2024 ya ƙara sabon kundi mai kashi biyu, ɗaya na tilas ɗaya na shawara, wanda ya fayyace ƙwarewar da za a auna da kuma sharuɗɗan lafiya, abin da zai sauƙaƙa wa masuncin Indonesiya ko Maroko samun aiki a jirgin wata ƙasa da takardarsa ta gida. Ga jiragen da ke ƙasa da mita 24 kuwa, maganar tana nan a hannun ma'aikatun sufuri da na kamun kifi na kowace ƙasa, waɗanda a wurare da dama har yanzu ba su kammala yi wa jiragen da ke gaɓarsu rajista ba.