Kalmar "Cheer" Ba Ihu Ba Ce

Jama'a, ina so in ɗan yi magana a kan wata kalmar Turanci wadda na ga tana ba mu kunya a gaban yara, watau "cheer".

Kwanan baya da muka fita gwajin koyarwa, na zauna a bayan aji ina sauraron wani abokina yana karanta wa 'yan aji biyar labari. Ya zo wurin da aka ce mutanen gari sun yi "cheering" sa'ad da sarkinsu ya komo daga tafiya. Sai ya fassara musu, ya ce, "Jama'a suka yi wa sarki ihu." Wani ɗan yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wane laifi sarkin ya yi?" Aji ya fashe da dariya, malam ya harare shi. Ni kuwa a ganina yaron ke da gaskiya.

Kowane Bahaushe ya sani ɓarawo a ke yi wa ihu, ko kuwa in gobara ta tashi. In ka ji an ce an yi wa babban mutum ihu a taro, to, an ci mutuncinsa ke nan. Wannan a Turanci "jeer" ne. Da ita da "cheer" kusan sautinsu ɗaya a kunnenmu, amma ɗaya zagi ce, ɗaya yabo. Abokina ya birkita labarin duka bai sani ba.

Abin da ya fi kusa a wurinmu shi ne sowa, irin wadda 'yan kallo kan ɓarke da ita in ɗan dambensu ya yi kisa, ko in mahaya sun sheƙo jafi ran hawan salla. Guɗa ma 'yar'uwarta ce, sai dai ta mata ce. Shewa kam ina shakkarta, don ta kan zo da ba'a.

Har wa yau ba kullum ne kalmar ke nufin ɗaga murya ba. Daga tsohon Faransanci mutanen Ingila suka aro ta, ma'anarta fuska. Daga fuska ta koma kan abin da fuska ke nunawa, watau halin da zuciya ke ciki, sa'an nan ta tsaya ga farin ciki. Sai can a ƙarni na 18 ta zama sowa, a bakin matuƙan jirgin ruwa. Shi ya sa "cheerful" ke nufin mai fara'a, fara'a kuwa a fuska a ke ganinta. In Bature ya ce maka "cheer up", saki ranka ya ke nufi, ba ya jiran ka buɗe baki. Mutumin Ingila kan ce "cheers" in ya ɗaga kofi zai sha, ko wajen godiya, ko wajen sallama. A majalisar ƙasarsu tafi ba al'ada ba ne. In magana ta yi wa wakilai daɗi sai su ce "hear, hear", wannan ma "cheers" a ke kiransa.

Wadda muka fi sabawa da ita ita ce "three cheers" ta ranar wasanni, inda shugaba kan ce "hip, hip", jama'a su amsa "hurray", har sau uku. Mu a Nijeriya mun ƙara wa "hip" ɗin guda, ba laifi. Laifin yana ga lafazi, don na sha jin yara suna neman a ba baƙo "three chairs", watau kujeru uku, alhali kuwa ɗaya ta ishe shi.

Wani ya ce mini ai a ƙamus an rubuta "shout", saboda haka ihu daidai ne. Na ce masa ƙamus bai ga sarkin ba, bai kuwa ga fuskokin mutanen ba. Malamin da ke shirya darasi shi ne zai duba tun da dare wa ya ɗaga murya, wa aka ɗaga wa, da murna ko da fushi, kafin ya zaɓi kalmar Hausa.

Washegari abokina ya koma ajin ya gyara, ya ce sowa aka yi wa sarki. Yaron nan ya sake ɗaga hannu, ya ce yanzu ya gane dalilin da aka kwana ana kiɗa a ƙofar fada.