Tsuntsun Da Ke Goge Da Fiffikensa

Ran nan wajen gwajin koyarwa na ji wani ɗan'uwanmu yana gaya wa yaran aji huɗu wai dukan tsuntsaye da maƙogwaro suke kuka, kuma dukansu ƙasusuwan fikafikansu holoƙo ne don su ji sauƙin tashi. Yara suka duƙa suka rubuta. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don a ganina kalmar nan "duka" malamin da ke koyar da sha'anin halittu bai kamata ya riƙa sakinta haka da arha ba.

Ga dalilina. A Amurka ta Kudu, cikin kurmin da ke gangaren duwatsun Andis a ƙasashen Kolombiya da Ekwado, akwai wani ɗan tsuntsu irin waɗanda ake kira manakin. Tsawonsa bai wuce inci 4 ba, 'ya'yan itatuwa ne yawancin abincinsa. In namijin yana neman mace sai ya sunkuya bisa reshe, ya ɗaga fikafikansa a bayansa, ya kaɗa su fiye da sau 100 cikin sakan guda. Ɗaya daga cikin gashin fiffiken yana da tudu-tudu guda 7, na kusa da shi kuwa bakinsa a lanƙwashe yake, yana gogar tudun nan gaba da baya. Sai ka ji sauti siriri kamar na goge, alhali bakinsa bai furta kome ba. Watau dabarar gyare ke nan a jikin tsuntsu. Ƙashin fiffiken nasa kuma a cike yake tam, duk da haka yana tashi abinsa.

Tun 1871 Darwin ya ambaci gashin nan a littafinsa, amma sai a 2005 Kimberly Bostwick da Richard Prum suka bayyana yadda sautin ke fita, bayan sun ɗauki hotonsa da kyamara mai tsananin sauri.

Na san wani zai ce yara ƙanana ba su son dogon bayani, gara a ba su ƙa'ida guda su riƙe. Gaskiya ne, amma cewa "yawancin tsuntsaye" ai bai fi cewa "dukan tsuntsaye" tsawo ba, kuma yana barin yaro da tambaya a bakinsa: to, sauran fa? Ɗan'uwan nan zai koma ajin ran Talata, na kuwa roƙe shi ya sa yaran su soke kalmar a littattafansu.