KIMIYYA A CIKIN GIDA: Yadda Ruwa Ke Yaudarar Ido

Duk shekara idan damina ta yi nisa, kududdufan Gwandu sukan cika, fadamun Kalgo su sha ruwa, yara kuma su yi ta ɗokin wanka. Idan uwa ta hana, amsar ɗaya ce: "Inna, ai ba zurfi, ina hango ƙasansa." Yaron ba ƙarya ya yi ba, idonsa ne aka yaudara.

Muna ganin abu ne idan haske ya sauka a kansa ya dawo cikin idonmu. Malam Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya yi bayanin haka a littafinsa Kitabul Manazir. A cikin iska haske yana gudun kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma a cikin ruwa sai ya ragu zuwa 225,000. Saboda wannan bambanci, hasken da ya taso daga ƙasan ruwa yakan lanƙwashe daidai inda ya fito iska. Ido kuwa ɗauka yake hasken ya zo a miƙe, sai ya ga ƙasan ya ɗago sama.

Mai leƙawa ta sama zai ga ruwa mai zurfin ƙafa 4 kamar ƙafa 3 ne. Wanda ya hango daga nesa a bakin gaɓa kuwa, zai ga bai ma kai haka ba. To, yaron da ya zaci ruwa iya ƙirjinsa ne, yana shiga sai ya sha kansa.

Ki gwada musu a tsakar gida. Ki sa zobe cikin kwanon sha, ki ce yaro ya ja da baya har bakin kwanon ya ɓoye masa zoben. Ya tsaya nan kada ya motsa, ke kuma ki tsiyaya ruwa a hankali. Zai ga zoben ya bayyana alhali ba a taɓa shi ba. Sannan ki ce masa: haka ƙasan kududdufi ke yi maka.

Gani ya kori ji, yaron da ya ga wannan ya fi jin gargaɗi. Ki koya masa cewa sanda ke auna zurfi, ba ido ba, kuma kada ya kusanci ruwa sai da babba.

Allah Ya tsare mana zuri'a, amin. Sai wata mai zuwa.