Ra'ayinmu: Kafso Biyu Na Ranar Kasuwa

A kasuwannin ƙauye daga Bichi zuwa Dambatta ba a rasa mai tiren magani yana sayar da kafso ɗai-ɗai, ja-da-baƙi ko ja-da-rawaya. Mutum ya sha biyu, ya ji dama-dama, ya bari. Har kaji ana barbaɗa musu a ruwa. Ba a ganin ɓarnar a gida, sai ran da aka kai marar lafiya Kano rai a hannun Allah.

Ga yadda abin yake. Maganin da bai isa ba, ƙwayoyin cuta masu rauni yake kashewa. Masu taurin kai su tsira, su hayayyafa, su bi hannu da ruwan sha zuwa jikin wani. In irinsu suka shiga jini, likita ya yi allurar da aka saba, ta zama kamar ruwa. Alexander Fleming da ya gano fenisilin ya yi wannan gargaɗi tun 1945.

A 2021 an buga wani bincike a kan jariran da cuta ta shiga jininsu a ƙasashe bakwai, har da na Asibitin Murtala da ke Kano. Cikin wani babban rukunin ƙwayoyin da aka gwada, kashi 97 cikin ɗari ba sa jin ampisilin, kashi 70 ba sa jin jentamaisin. Su biyun nan kuwa da su ake fara yi wa jariri magani. Waɗanda suka rage da ƙarfi tsada gare su, kuma uban yaro ne zai sayar da hatsi ya biya.

Ba talaka kaɗai ke da laifi ba. A ɗakin masu jin jiki sosai, inda ake sa roba a jijiya, hannun da ba a wanke ba ya isa ya kai cuta daga gado zuwa gado. Gwamnati ta wadata asibitoci da ruwa, sabulu da kayan gwajin jini, kada likita ya riƙa lalube cikin duhu.

Namu kuma, 'yan'uwa: maganin da likita ya rubuta a sha shi yadda ya ce, kada a raba da maƙwabci. Muna roƙon zumuntar mata, in kun je barka ku hana ɗiga wa jariri maganin kemis da sunan rigakafi. In ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira ranar suna.